Yadda ake canza babbar wayar altaneta idan mota ta daina cika batir

A garejojin Katsina, da zarar mota ta fara nauyin tashi da safe, batir ake fara tuhuma. A kai shi caji, ya dawo ya ɗan yi kwanaki ya sake kwanciya, sai a ce ya mutu, a sayi sabo. Sabon ma ya bi sahu, sai hankali ya koma kan altaneta: a kwance ta, a canza kabon, a canza regileta, wani ma ya sayo ta Beljiyam sukutum. Ana wannan ɓarin kuɗin ne alhali ga wata waya mai kauri, wadda tsawonta bai cika wuce mita ɗaya da rabi ba, wadda duk wutar da altaneta ta samar sai ta bi ta cikinta kafin ta kai ga batir, amma ba kasafai ake ɗora mata mita ba.

Wayar tana da dalilan lalacewa a ƙasarmu. Golf 3 da ke jigila tsakanin Katsina da Jibiya, ko ta bi ta Mashi zuwa Daura, tun ƙarshen shekarun 1990 aka daina ƙera ta, ke nan wayar da ke jikinta ta doshi shekara talatin ko ta haura. Kafin motar ta iso nan ta sha gishirin da ake watsawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara. Nan kuma ta tarar da zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 a inuwa, balle a ƙarƙashin bonet, ga girgizar hanyoyin burji, ga masu wankin inji da ruwa mai ƙarfi, ga ƙarin fitilu da manyan lasifikoki da direbobi ke jonawa. Jan ƙarfen ciki sai ya yi kore ko ya yi baƙi, silallansa su riƙa tsinkewa ɗaya bayan ɗaya a gindin kan wayar, robar waje kuwa tana nan sumul kamar babu abin da ya faru.

Ka fara sanin ta inda wayar ta bi

A bayan altaneta akwai ƙusa mai noti, galibi da hular roba a kanta, an rubuta B+ ko B a gefenta. Nan babbar wayar take farawa. Inda take ƙarewa ne ya bambanta. A Golf 3 da yawancin motocin Turai na zamaninta, tana sauka ne kan babbar ƙusar kik, daga nan wata wayar ta ɗauka zuwa kan batir, kuma babu fiyus a tsakani. A Golf 4 tana zuwa wani ɗan akwatin fiyus da ke zaune a saman batir, akwatin da ya yi suna wajen narkewa. A Corolla da Camry da Vibe tana shiga babban akwatin fiyus na cikin bonet, ta ratsa wani ƙaton fiyus mai rubutun ALT, yawanci 100A ko 120A, sannan ta kai ga batir.

Ban da ita akwai siraran wayoyi: ko guda ɗaya a ƙaramar ƙusa mai alamar D+ (shuɗiya ce a Volkswagen), ko soket mai baki uku ko huɗu a motocin Japan. Su ne ke kunna jar fitilar batir a dashbod, su kuma tayar da altaneta ta fara aiki. Ba su ne abin canzawa a yau ba, amma za mu koma kansu.

Duk bayanin nan na ƙananan motoci ne masu 12V. Manyan motoci masu batir biyu a jere lambobinsu daban ne. Motoci irin su Prius kuwa ba su da altaneta irin wannan sam, kuma wayoyinsu masu ruwan lemo ba abin taɓawa ba ne.

Gwajin da ke raba gardama

Kada ka sayi komai sai ka auna. Ƙaramar mitar nan ta masu gyaran rediyo ta isa. Juya ta zuwa 20V a ɓangaren da ke da miƙaƙƙen layi, wato wutar batir.

Mota a kashe, ta ɗan huta, ɗora jan tsinke a kan batir mai alamar +, baƙi a mai alamar −. Cikakken batir yana ba da wajen 12.6V. Idan ka ga 12.2V ya kai rabi, ƙasa da 12V kuwa ya kwanta. Tayar da mota ka sake dubawa: lafiyayyen caji yana tsakanin 13.8V da 14.5V. Wasu Honda kan sauke cajin da gangan idan babu abin da ke jan wuta, saboda haka ka kunna fitilun gaba kafin ka yanke hukunci.

Yanzu ga ainihin gwajin. Ka sa wani ya riƙe totur, allurar juyin inji ta tsaya a wajen 2,000, a kunna dogayen fitilu, fankar ciki a lamba ta ƙarshe, da duk abin da ke cin wuta. Ɗora jan tsinke a kan ƙusar B+ ita kanta, ba a kan zoben ƙarfen da ke ƙarshen wayar ba. Baƙin tsinke kuma a kan dalmar batir mai alamar +, ita ma dalmar kanta, ba maƙalar da ke rungume da ita ba. Duka tsinkayen biyu suna layi ɗaya ke nan, don haka abin da mitar za ta nuna shi ne wutar da ke salwanta a hanya. Idan ka ga 0.2V ko 0.3V, wayar lafiya lau, ka nemi matsalarka a wani wurin. Idan ta kai 0.5V akwai magana. Idan ta doshi 1V, ka kama ɓarawon.

Rabin V ɗin nan kamar ba komai ba, amma ka yi lissafi. Altaneta na tura amfiya 70, a ninka da 0.5, an sami wat 35 na zafi, kuma galibi a wuri guda yake taruwa, wurin da bai fi ɗan yatsa ba. Shi ke sa hular roba ta ƙone, noti ya sauya launi, ka riƙa jin ƙauri idan ka buɗe bonet bayan tafiya mai nisa. Shi kuma batir, idan asarar ta kai 1V, maimakon 14.2V sai ya riƙa samun 13.2V ko ƙasa, abin da ba zai cika shi ba a zirga-zirgar cikin gari daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Marusa. A motocin da altanetarsu ke da siririyar wayar da ke jiyo ƙarfin wuta daga can wajen batir, abin ya fi muni: tana ganin batir bai ƙoshi ba sai ta ƙara ƙaimi, ta yi ta aikin wahala har ta ƙone kanta. A sa sabuwa a kan tsohuwar waya, ita ma ta bi 'yar'uwarta.

Idan lambar ta yi yawa, bi hanyar gaɓa-gaɓa don ka san inda asarar take. Auna tsakanin ƙusar B+ da zoben da ke kanta. Auna tsakanin wannan zoben da na ɗaya ƙarshen. Auna ƙetaren fiyus. Auna tsakanin maƙalar batir da dalmarsa. Sau da yawa za ka tarar datti ne kawai a mahaɗa ɗaya, sanfefa ta gama magana. Sai asarar ta fito a jikin wayar, tsakanin zobe da zobe, sannan canji ya wajaba.

Kafin ka kashe motar, gwada ɓangaren as, wato hanyar da wuta ke komowa: tsinke ɗaya a jikin altaneta, ɗaya a dalmar batir mai alamar −. Kada ya wuce 0.2V. Wutar da ta tafi ta babbar waya ta jikin inji take komowa, ta bi wayar da ta haɗa inji da bodi da batir. Motocin da aka taɓa sauke musu inji sun fi fama da wannan, don ana yawan mantawa da wayar ko a ɗaura ta a kan fenti.

Gwaji biyu ne ba na so a dogara da su. Na farko, sa mita a wurin da take ƙara idan waya ba ta tsinke ba, ko jona ƙwan gwaji: sili ɗaya tak da ya rage a cikin wayar ya isa ya sa mita ta yi ƙara, ƙwai ya kama, amma ba zai ɗauki amfiya 70 ba. Na biyu shi ne wanda ya zama ruwan dare, cire kan batir mota na aiki don a ga ko za ta mutu. A tsohuwar 504 mai kafireto an sha yi an kwana lafiya. A motar da ke da ƙwaƙwalwa, batir ne ke shanye tsallen wuta, kana cire shi wutar na iya yin sama nan take ta ƙona dayod ɗin altaneta ko ƙwaƙwalwar kanta. Idan a gareji kake ka ga yaro ya nufi batir da sifana inji na kunne, ka tsayar da shi, ka ce wa maigidansa, "Oga, don Allah a ɗora mita, kada a cire."

Yayin duk wannan awon, ka kula da jikinka. Hannun kaftani, carbi, da igiyar mita duk abincin bel ne, fankar lagireto kuma tana tashi ba sallama.

Sayen waya

Nan ne aikin ke gyaruwa ko ya ɓaci. Hanya biyu ce: ko ka samo ta asali da aka ciro daga irin motarka, ko ka sayi sabuwar waya a yanka maka ka haɗa. Ta Beljiyam tana da daɗin ɗaurawa don tsawonta da lanƙwasarta sun dace, sai dai shekarunta ɗaya da wadda kake cirewa. In za ka saya, ɗan tsaga robar a gindin zobe ka ga launin jan ƙarfen, ka kuma lanƙwasa ta kusa da kunne. Idan tana ƙas-ƙas ko ta sandare a wani wuri, bar musu kayarsu. Ni na fi karkata ga sabuwa, muddin an sami ta kirki. Idan babu a shagunan cikin gari, direbobin Kano na iya sayo maka a Ƙofar Ruwa, amma ka ba su guntun tsohuwar su tafi da shi.

Kauri ya danganta da ƙarfin altaneta, wanda ke rubuce a takardar da ke manne a jikinta: 70A, 90A, 120A. Mai 70A zuwa 90A tana son waya 16mm. Mai 120A zuwa sama a ba ta 25mm. Lambar nan girman fuskar jan ƙarfen ciki take nufi, a murabba'in milimita (mm²), ba kaurin roba ba, kuma masu yin jabu sun san ido robar yake kallo, sai su cika ta su rage cikin. Dubi bakin wayar inda aka yanka, ka kwatanta da tsohuwar. Bambancin ba ƙarami ba ne: mita ɗaya da rabi ta 16mm tana zubar da wajen 0.13V idan amfiya 80 na wucewa, ta 4mm mai wannan tsawon kuwa tana zubar da sama da 0.5V tun tana sabuwa fil. Wadda ta fi ta asali kauri ba ta da illa, wadda ta fi ta siranta ce ba a yarda da ita ba.

Sai jabun da ya fi yawa a yanzu, alminiyam da aka yi wa wankan jan ƙarfe. Ana yawan sayar da ita a matsayin wayar lasifikar mota, cikin roba mai sheƙi. Kusan kashi biyu cikin uku na wutar da jan ƙarfe mai kaurinta zai ɗauka take iya ɗauka, tana saurin karyewa, idan kuma danshi ya shige ta sai ta zama gari. Ganewa ba wuya. Ka ce wa mai shago, "Alhaji, ba ni reza in kankara." Idan ka kankare sili ɗaya ka ga fari a ciki, alminiyam ce. Ko ka kanga mata ashana: jan ƙarfe zai yi ja ya tsaya a miƙe, alminiyam zai lanƙwashe ya zube. A hannu ma ba ta da nauyi. Araha ba ta ado, balle a wayar da ke manne da batir dare da rana.

Wayar gida ma a bar ta a gida. Silallanta ƙalilan ne masu tauri, an yi ta ne don ta kwanta cikin bango ba motsi, robarta kuma ba ta jure zafin inji da baƙin mai. Abin nema shi ne mai laushi, mai ɗaruruwan siraran silalla. Wayar masu walda ta jan ƙarfe zalla tana yin aikin sosai.

Ka haɗa da kan waya guda biyu na jan ƙarfe, masu bututu daidai kaurin wayar. Ramin zoben ya dace da ƙusar: milimita 8 ga mafi yawan altanetar Bosch da ƙusar kik, milimita 6 ga da yawa daga cikin na Toyota. Zobe mai faɗin rami a kan siririyar ƙusa rabin fuskarsa kawai ke taɓawa. Sai robar nan da ke tsukewa idan ta ji wuta, da bututun roba mai tsaga da ake sa wayoyi a ciki, da igiyoyin roba masu haƙori, da baƙin tef mai kyau. Kayan aiki kuwa sifana 8, 10, 12 da 13, filaya, wuƙa mai kaifi, sanfefa, buroshin ƙarfe, da abin matse kan waya in da hali.

Cire tsohuwar

Ajiye motar a inuwa, ja birkin hannu, zare makulli, ka bar injin ya huce. Cire agogo da zoben azurfa. Batir na iya tura ɗaruruwan amfiya cikin ƙiftawar ido, zobe ya haɗa sifana da bodi ya yi ja a yatsa kafin ka iya zare shi. Ba sigari, ba ashana kusa da batir, don iskar da yake fitarwa tana kamawa da wuta. Idan rediyon motarka mai lambar sirri ne, kamar na wasu Honda, tabbatar kana da lambar.

Ɗauki hoto da wayarka ta hannu: bayan altaneta, kan kik ko cikin akwatin fiyus, da duk inda aka maƙale wayar a hanya. Za ka gode wa hoton nan.

Kan batir mai alamar − ake fara cirewa, kullum. Dalili: jikin motar gaba ɗaya a haɗe yake da shi, idan ka fara da + sifana ta goga bodi, wuta ce za ta tashi. Ka cire shi ka tura gefe, ka naɗe shi da tsumma don kada ya komo ya taɓa. Sannan ka cire +. Kashe mota kaɗai bai isa ba, ƙusar B+ tana da wuta ko makulli na aljihunka.

Ɗaga hular roba, kwance notin B+. Idan ya ci tsatsa, sa masa ɗan mai ka jira, kada ka yi masa ƙarfi. Ƙusar ta ratsa cikin wani abin roba mai tauri ne zuwa cikin altaneta, idan ta juya tare da notin ta karya abin da ke ciki, aikin ya koma na kwance altaneta. Sannan ka je ɗaya ƙarshen. A kan kik, lura da jerin wayoyin da ke kan ƙusar don ka mayar da su yadda suke. A Toyota, ƙaton fiyus ɗin nan ba a fizge shi: da ƙusoshi aka ɗaure ƙafafunsa ta ƙasa, sai an saki akwatin an buɗe gindinsa. Masu sa masa sikundireba ta sama su ne ke fasa akwati.

Idan wayar ita kaɗai take tafiya, saki maƙalanta ka zaro ta. Idan kuwa ta shige cikin damin wayoyi da aka naɗe, kada ka farke damin duka. Ɗan buɗe tef ɗin ka duba ko akwai wata waya da ta yi reshe daga jikinta, don a wasu motocin daga tsakiyarta ake ɗiban wutar wasu sassa. In babu reshe, yanke kawunanta biyu, naɗe su da kyau, ka bar ta a ciki, sabuwar ta bi ta gefen damin. In akwai reshe, ka bar ta a jone bayan ka gyara mata kai, sabuwar ta zama ƙari a kanta, ita ma ta ƙare a inda tsohuwar ta ƙare.

Tun da batir na kwance, wanke farin garin da ya taru a kansa. Ruwan kanwa yana kashe asid ɗin, amma kada ya shiga cikin ramukan batir. Ɗauraye, goge, ka kankare dalma da cikin maƙala har su yi haske.

Haɗa kan waya

Auna sabuwar da tsohuwar, ka ƙara kamar faɗin yatsu uku. Inji yana rawa a kan kujerunsa, wayar da aka ja ta miƙe tsam za ta tsinke a gindin zobe, wadda ta yi yawa kuma za ta yi lilo ta goga wani abu. Yanka ta da abu mai kaifi don bakin ya fita daidai.

Zura robar tsukewa da hular B+ tun yanzu, kafin ka sa kai. Fere robar wayar daidai zurfin bututun zoben, ka yi a hankali kada wuƙa ta ci silalla. Tura su duka ciki, ko ɗaya kada ya rage a waje. Idan sun ƙi shiga, zoben ne ya yi ƙarami, a canza shi. Rage silalla don su shiga daidai yake da sayen siririyar waya. Kafin ka matse na biyu, gwada wayar a mota ka ga ta wace fuska kowane zobe zai kwanta, don waya mai kauri ba ta son murɗawa.

Matsewar ita ce zuciyar aikin. Wadda ta fi kyau ita ce ta na'urar matsi da ke kama bututun ta kowane gefe har silallan su dunƙule su zama kamar ƙarfe ɗaya. Masu haɗa sola da inbata suna da ita, ka kai musu su matse maka, minti biyu ne. In babu, ɗora bututun a kan ƙarfe mai ɗan kwari, ka sa ƙarfe mai dakusasshen tsini a tsakiyarsa, ka doka da guduma har ya lotsa sosai, wuri biyu. Abin da ba a so shi ne a kwantar da shi a daka har ya baje kamar faifai: ya kama a ido, amma gefe da gefe a buɗe yake. Ka gama, ɗaure zoben a wani abu ka ja wayar da ƙarfinka. Idan ta motsa ko kaɗan, yanke ka sake.

Dalmar da ake narkawa a liƙe waya da ita, ita kaɗai ba ta isa ba. Tana narkewa tun kafin zafi ya kai digiri 200, mahaɗar da ta saki kuwa tana iya kaiwa nan. Tana kuma bin silalla ta shige cikin wayar ta sandarar da ita, girgiza ta karya ta daidai inda dalmar ta tsaya. In ka ga dama ka ɗiga kaɗan a bakin zoben bayan an matse, don toshe ƙofar ruwa. Ita kuwa dabarar murɗa silalla a naɗa su a ƙusa a danne da washa, ta fitar da mota daga daji ce zuwa gari, ba ta zama ba.

Jawo robar tsukewa ta rufe bututun da ɗan sashen wayar, ka gasa ta sama-sama har ta kama. Ka yi wannan nesa da batir da tiyon fetur.

Shimfiɗawa da ɗaurewa

Sa wayar cikin bututun roba mai tsaga, ka bi da ita ta hanyar da tsohuwar ta bi, kana duba hotonka. Ta yi nesa da manifol da salansa, aƙalla faɗin tafin hannu. Kada ta kusanci bel, fuli, ko fanka. Duk inda za ta wuce bakin ƙarfe mai kaifi a ƙara mata riga. Ɗaure ta da igiyar roba duk bayan taƙi guda, amma kada ka ɗaura ta a jikin tiyon fetur ko bututun birki. Inda ta tashi daga inji zuwa bodi, bar mata ɗan sassauci.

Maganar fiyus ba ta da sassauci. Idan motar ta zo da shi, sabuwar waya ta bi ta cikinsa. Wasu masu rewaya, don gudun wahalar buɗe akwati, sukan ja waya kai tsaye daga altaneta zuwa kan batir. Caji zai yi kyau, ba musu. Amma ran da wayar ta goge ta taɓa inji, ko dayod ya haɗe a ciki, babu abin da zai tsayar da batir, kuma gobarar mota daga irin wannan take farawa. In dole sai an ja kai tsaye, a sa fiyus mai lamba ɗaya da na asali, kusa da batir. Fiyus da ya ƙone kuma ba a ɗinke shi da silin waya.

Goge ƙusar B+ da fuskar zoben da sanfefa. Zoben ne ke fara zama a kan kafaɗar ƙusar, washa ta biyo baya, sannan noti. Kada washa ta shiga tsakanin zobe da mazauninsa, don ƙarfenta ba ya wuce da wuta kamar jan ƙarfe. Ɗaure da gajeriyar sifana, da ƙarfin wuyan hannu, har zoben ya daina juyawa idan ka taɓa shi. Ƙaramar ƙusa mai milimita 6 ba ta da wuyar tsinkewa. Duba cewa zoben bai jingina da jikin altaneta ba, ka mayar da hular roba. Yi haka a ɗaya ƙarshen.

Wajen mayar da batir sai a juya tsarin: + da farko, − a ƙarshe. Kafin ka ɗaura −, rufe ƙofofi, kashe komai, ka sa ƙwan gwaji tsakanin maƙalar da dalmar batir. Ya ɗan yi ja ya dushe, ba komai. Ya kama tangaram ya tsaya, akwai inda sabuwar waya ke taɓa bodi, koma ka nemo. Idan lafiya, ɗaure, ka shafa ɗan giris ko basilin a saman mahaɗar bayan an ɗaure.

Bayan an tayar

Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba: jar fitilar batir ta kama. Tayar: ta mutu. Maimaita awon farko da fitilu da fanka a kunne. Asarar da ke tsakanin B+ da batir ta sauko ƙasa da 0.3V, batir kuma ya riƙa ganin 13.8V ko fiye idan an ɗan taka totur. Bar ta ta yi minti goma da kaya a kunne, kashe, ka taɓa kawunan wayar da bayan yatsa. Ɗumin inji daban, zafin da ke sa ka janye hannu daban. In kai ɗaya ya fi sauran wayar zafi, matsewarsa ko ɗaurinsa bai yi ba.

Idan fitilar batir ba ta kama ba tun farko, kuma caji ba ya farawa sai an taka totur da ƙarfi, siririyar wayar nan ce ta tsinke ko soket ɗinta ya saki. Direbobin Golf da yawa sun saba da yi wa mota wannan ihun kowace safiya har sun ɗauka ɗabi'arta ce. Idan kuma asarar waya ta yi ƙasa amma a kan ƙusar B+ kanta ba a samun fiye da 13V, duba bel ko ya saki ko ya yi santsi, in ba shi ba ne, yanzu kam altaneta ta cancanci a kwance ta.

Batirin da ya daɗe yana zama da yunwa a kai shi wurin mai caji ya cika a hankali, kada a bar wa altaneta wannan nauyin. Bayan mako guda na hawa, musamman in motar na shiga hanyoyin ƙauye ranakun kasuwar Charanchi ko Mai'adua, cire kan − ka sake gwada notocin biyu da sifana, ka bi jikin wayar da hannu ka duba ko akwai inda rigarta ta fara gogewa.